Amana ko Kuɗin Shiga? Nazari kan Dokokin Jihohin Amurka game da Dukiyar da Ba a Nema ba da Kwantattun Asusun Banki

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dokokin da jihohin Amurka suka kafa domin tafiyar da dukiyar da masu ita suka daɗe ba su waiwaya ba, musamman kuɗin da ke kwance a asusun banki, da albashin da ba a karɓa ba, da ribar hannun jari, da kuɗin inshorar rai. Ta bi asalin dokokin, da matakan da dukiya ke bi kafin ta faɗa hannun jiha, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka da suka raba gardama tsakanin jihohi, sannan ta auna su da tanadin da Nijeriya ta yi tun daga shekarar 2020. Matsayar maƙalar ita ce, riƙon amana kaɗai ke halatta wa hukuma karɓar irin wannan dukiya, kuma da yake hukumar na cin moriyar duk abin da ba a zo an karɓa ba, wajibi ne doka ta ɗora mata nauyin cigiya da neman masu haƙƙi a matsayin sharaɗin riƙon.

1.0 Gabatarwa

A duk ƙasar da jama'a ke ajiyar kuɗi a banki, suke sayen hannun jari, suke yankar inshora, akan sami dukiya mai ɗimbin yawa da ta rabu da masu ita ba tare da sata ko ƙwace ba. Wani ya yi ƙaura bai sanar da bankinsa sabon adireshi ba, wata ta canza suna bayan aure, wani banki ya narke cikin wani har takardu suka cakuɗe, wani kuma ya rasu alhali iyalinsa ba su san da ajiyar ba. A Amurka, ƙungiyar jami'an jihohi masu kula da irin wannan dukiya, wadda ake taƙaita sunanta da NAUPA, ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane bakwai yana da wani abu nasa a hannun jiha, kuma jimillar abin da jihohin ke riƙe da shi ta kai kimanin dala biliyan 70.

Dalilin da ya sa lamarin ke hannun jihohi shi ne, a tsarin tarayyar Amurka dokokin mallaka da na gado suna daga cikin hurumin jiha, saboda haka kowace ɗaya daga jihohi 50, har da gundumar babban birnin ƙasar, tana da tata dokar da nata wa'adin da nata ofishin. Wannan bambanci shi ya haifar da shari'u masu yawa, kuma daga shari'un ne aka samo ƙa'idojin da suka cancanci a nazarce su a Nijeriya, inda gwamnatin tarayya ta fara bin irin wannan hanya.

2.0 Asalin Dokar da Sauyin da Ta Samu

Tushen dokar yana Ingila ta zamanin da, lokacin da ake ɗaukar duk ƙasar noma a matsayin abin da Sarki ya bayar ta hannun iyayen ƙasa, ta yadda idan mai riƙe da gona ya rasu ba magaji sai gonar ta koma ga wanda ya ba shi, ko ga Sarkin kansa. Da Amurka ta ɓalle daga mulkin Ingila, sai jihohi suka gaji wannan matsayi na Sarki. A wancan tsari mallaka ce ke sauya hannu gaba ɗaya, domin da zarar dukiya ta koma ga hukuma babu sauran mai da'awa a kanta.

A farkon ƙarni na 20 jihohi suka faɗaɗa dokar ta shafi dukiyar da ba ƙasa ba, kamar ajiyar banki, tare da sauya mata manufa. A sabon tsarin, jiha tana karɓar kuɗin ne a matsayin ajiya, haƙƙin mai shi ko magadansa yana nan, kuma a yawancin jihohi babu ranar da wannan haƙƙi ke faɗuwa. A shekarar 1911 Kotun Ƙoli ta amince da wata dokar jihar Massachusetts da ta umarci bankuna su miƙa wa ma'ajin jiha ajiyar da ta shekara 30 ba a taɓa ba, a shekarar 1944 kuma ta amince da makamanciyarta ta jihar Kentucky ko da a kan bankunan da gwamnatin tarayya ta yi wa rajista. Hujjar da ake kafawa ita ce, idan aka bar kuɗin a hannun banki, ko dai a riƙa yankar ladan ajiya har ya ƙare, ko kuma bankin ya ci gaba da juya shi a banza, alhali jiha ba ta karyewa kamar banki, kuma idan ba a sami mai shi ba amfaninsa ga jama'a baki ɗaya zai koma.

Domin rage saɓani, hukumar masana shari'a da ke tsara wa jihohi dokokin bai-ɗaya ta fitar da daftarin doka a shekarar 1954, ta sake masa fasali a 1966, da 1981, da 1995, da 2016. Daftarin ba ya zama doka sai majalisar jiha ta karɓe shi, kuma da yawa sun karɓa ne da gyare-gyarensu. Abin lura a nan shi ne yadda wa'adin jira ya riƙa raguwa: daftarin 1954 ya sa shekara 7 ga ajiyar banki, na 1981 ya mayar da shi shekara 5, na 2016 kuma ya sauko da shi shekara 3, kashi ɗaya cikin goma ke nan na wa'adin da dokar Massachusetts ta tanada.

3.0 Matakan da Dukiya ke Bi

Dokokin sun ginu a kan ɓangarori uku. Akwai mai haƙƙi, wato wanda dukiyar take tasa. Akwai mai riƙo, wato banki ko kamfani ko ma'aikatar da kuɗin ke hannunta. Akwai kuma jiha, wadda ma'ajinta ko babban akantanta ke karɓa. Kwantaccen asusu shi ne wanda mai shi bai zuba kuɗi ba, bai cire ba, bai kuma tuntuɓi banki ta wata hanya ba har tsawon lokacin da doka ta ƙayyade, kuma wannan lokaci shi ake nufi da wa'adin shiru. Ruwan da banki ke ƙarawa da kansa ko ladan da yake yanka ba sa cikin abin da ke katse wa'adin, domin abin da doka ke nema shi ne alamar cewa mai asusun yana sane da shi.

Wa'adin ya bambanta gwargwadon irin dukiyar. A daftarin 2016, albashin da ba a karɓa ba yana da shekara 1, ajiyar banki shekara 3, takardar aika kuɗi shekara 7, cakin matafiya kuma shekara 15. Jihar Kalifoniya na aiki da shekara 3 ga asusun banki, jihar Delaware kuwa shekara 5. Kafin mai riƙo ya miƙa kuɗin, dole ne ya aika wa mai haƙƙi wasiƙa zuwa adireshinsa na ƙarshe, kuma daftarin ya wajabta haka ga abin da ya kai dala 50, tsakanin kwana 60 zuwa 180 kafin a shigar da rahoto. A jihohi da dama ana shigar da rahoton ne kafin ranar 1 ga Nuwamba, tare da suna da adireshi da adadin kuɗin kowane mutum, daga nan nauyi ya sauka daga wuyan mai riƙo ya hau na jiha.

Misali zai fayyace yadda abin ke faruwa a zahiri. A ɗauka ɗalibi ne daga Kano ya yi karatu a birnin Houston na jihar Texas, ya buɗe asusu da adireshin ɗakin da yake haya, ya kammala ya dawo gida ya bar 'yan ɗaruruwan daloli a ciki da niyyar zai koma. Wasiƙar banki za ta je ɗakin da wani ya riga ya tare, ta dawo ba a buɗe ba, wa'adi ya cika, kuɗin ya tafi ofishin babban akantan Texas, sunansa ya shiga jerin da ake wallafawa a intanet. Kuɗinsa ba su ɓata ba, kuma ko bayan shekara 20 zai iya nemansu kyauta ta shafin jihar ko ta shafin MissingMoney da yawancin jihohi suka haɗu a kai, muddin ya kawo shaidar cewa shi ne, kuma ya taɓa zama a wannan adireshi. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan ya san cewa akwai jerin, ya kuma san jihar da zai duba.

4.0 Wace Jiha ce ke da Hurumin Karɓa?

Gona tana wuri ɗaya, amma bashi ba shi da mazauni, saboda haka jihohi da yawa kan yi da'awar kuɗi ɗaya a lokaci guda. A shekarar 1961, a shari'ar kamfanin Western Union da jihar Pennsylvania, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a tilasta wa mai riƙo ya biya bashi ɗaya sau biyu ba, lamarin da ya wajabta samar da ƙa'idar fifiko. Ƙa'idar ta fito ne a 1965, a shari'ar Texas da New Jersey, a kan ƙananan basussukan da kamfanin mai na Sun Oil ya kasa biya saboda rashin samun masu su, kimanin dala 26,000 na mutane kusan 1,730. Texas ta ce littattafan bashin a can suke, New Jersey ta ce a can aka yi wa kamfanin rajista, Pennsylvania ta ce babban ofishinsa a can yake, Florida kuma ta ce a duba inda masu bin bashin suke zaune. Kotun, ta bakin Mai Shari'a Hugo Black, ta ɗauki ra'ayin Florida: jihar da adireshin ƙarshe na mai haƙƙi yake ita ce ta farko, idan kuwa babu adireshi a littattafan mai riƙo, sai kuɗin ya tafi jihar da aka yi wa kamfanin rajista.

Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce ta azurta Delaware, ƙaramar jihar da mazaunanta ba su wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba, amma fiye da rabin manyan kamfanonin Amurka a can suke da rajista. Duk kuɗin da ba a rubuta adireshin mai shi ba, haka kuma, bisa daftarin bai-ɗaya, wanda adireshin mai shi ke wata ƙasar waje, yana gangarawa ne zuwa jihar rajista. Bayan kotun ta yi amfani da ƙa'idar a kan takardun aika kuɗi a 1972, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a 1974 wadda ta ce kuɗin takardun aika kuɗi da cakin matafiya na jihar da aka saye su ne. A kan wannan doka aka dogara a watan Fabrairu na 2023, lokacin da alƙalan Kotun Ƙoli suka haɗu baki ɗaya, a hukuncin da Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta rubuta, cewa wasu cakunan kamfanin MoneyGram da Delaware ta daɗe tana karɓa na jihohin da aka saye su ne. Abin da ya ratsa waɗannan hukunce-hukunce shi ne ƙoƙarin kai kuɗin kusa da inda mai shi zai fi yiwuwar nemansa.

5.0 Inda Amana ke Karo da Buƙatar Baitulmali

Jihohi ba sa kulle kuɗin a ma'ajiya suna jira. Yawancinsu kan ware ɗan wani kaso domin biyan masu zuwa nema, su zuba sauran cikin kasafin kuɗi ko asusun ilimi, bisa sanin cewa kaso mai yawa ba za a taɓa zuwa karɓarsa ba. A Delaware wannan hanya ta daɗe tana matsayi na uku a jerin hanyoyin kuɗin shiga, tana kawo kusan dala miliyan 500 a shekara. Daga nan matsalar ta samo asali, domin mai ajiyar da ke ƙaruwa da rashin bayyanar mai kaya ba shi da abin da zai zaburar da shi ga cigiya, kuma duk majalisar da ta rage wa'adin shiru takan sami kuɗin shekaru biyu ko uku a dunƙule ba tare da ta ƙara wa kowa haraji ba.

Kotuna sun taka wa jihohi burki a wurare da dama. A 2007 wata kotun tarayya ta dakatar da Kalifoniya daga karɓar sabuwar dukiya har sai ta gyara yadda take sanar da masu haƙƙi, abin da ya sa majalisar jihar ta sauya dokarta. A 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa jihar Indiana ba ta da ikon riƙe ruwan da asusun mutum ya haifar alhali tana cewa ajiya take yi masa. A 2016 wata kotun tarayya ta yi tir da yadda Delaware ta binciki kamfanin Temple-Inland, inda masu bincike suka koma baya fiye da shekara 20, suka yi ƙiyasin bashi na shekarun da babu takardunsu, kuma a shekarar da ta biyo baya jihar ta yi wa dokarta garambawul. A wannan shekara ta 2016 kuma, Mai Shari'a Samuel Alito, tare da goyon bayan Mai Shari'a Clarence Thomas, ya yi gargaɗin cewa gajeren wa'adi haɗe da sanarwa ta jeka-na-yi-ka na iya saɓa wa tsarin mulki.

Illar ta fi bayyana a hannun jari. Mutumin da ya sayi hannun jari domin tsufansa, ya ƙudurta ba zai taɓa shi ba sai bayan shekara 20, yana iya faɗawa cikin jerin waɗanda suka yi shiru, jiha ta karɓi hannun jarin ta sayar, idan ya zo nema a ba shi kuɗin ranar da aka sayar kawai, duk hauhawar da farashin ya yi daga baya ta wuce shi. Shirun irin wannan mutum shiru ne na haƙuri da tsari, amma doka ta ɗauke shi a matsayin mantuwa.

Adalci ne kuma a faɗi inda dokokin suka yi amfani. Binciken da jihohi suka gudanar daga wajajen 2011 ya gano cewa wasu manyan kamfanonin inshora na amfani da kundin mamata na hukumar fanshon ƙasa domin tsayar da biyan kuɗin wata-wata ga wanda ya rasu, amma ba sa amfani da shi domin neman iyalan da ya kamata a biya inshorar ransa, kuma wannan bincike ya tilasta biyan biliyoyin daloli. Haka nan jihohi irin su Wisconsin da Illinois da Pennsylvania sun fara gwama sunayen masu haƙƙi da bayanan da hukuma ke da su, kamar na haraji, suna aika wa mutane ƙananan kuɗaɗensu ba tare da sun nema ba. Wannan mataki ya nuna cewa hukuma na da hanyar gano mutane idan ta ga dama, domin wanda za ta iya samu lokacin karɓar haraji za ta iya samunsa lokacin mayar masa da haƙƙinsa.

6.0 Darasi ga Nijeriya

A Nijeriya harkar banki da ta kamfanoni na cikin hurumin tarayya ne kaɗai, saboda haka babu gasa tsakanin jihohi irin ta Amurka. Dokar Kuɗi ta 2020 ta kafa asusun amana da za a zuba ribar hannun jarin da ba a karɓa ba da kuɗin kwantattun asusu da suka kai shekara 6, a matsayin bashi na musamman a kan gwamnatin tarayya ƙarƙashin Ofishin Kula da Basussuka, wanda mai haƙƙi zai iya nema a kowane lokaci. A watan Yuli na 2024 Babban Bankin Nijeriya, bisa dokar bankuna ta 2020, ya fitar da ƙa'idojin da suka ce asusun da ya shekara ɗaya ba a taɓa ba ya kwanta, idan ya kai shekara 10 a haka kuɗin zai koma wani asusu a Babban Bankin, a juya shi a takardun lamunin gwamnati, a mayar wa mai shi cikin kwana 10 na aiki bayan an karɓi buƙatarsa. Game da ribar hannun jari, Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta bayyana a 2023 cewa abin da ba a karɓa ba ya kai kimanin naira biliyan 190.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa, domin fiƙihun Malikiyya ya wajabta wa wanda ya yi tsintuwa ya yi cigiya shekara guda, ya ɗauki abin a matsayin amana, ya kuma tanadi baitulmali a matsayin makomar dukiyar da babu mai gadonta. Abin da ya fi tsaya wa jama'a a nan shi ne gado. Wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin ɗan'uwa na kusa ba shi ne magaji a idon doka ba, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar izinin kula da dukiya daga kotu, wadda ke hannun jihohi, ga kuɗin da ake biya, ga zirga-zirgar da take ci. Iyalin da ke ƙauye, waɗanda abin da mahaifinsu ya bari bai wuce naira dubu 80 ba, sukan haƙura, kuma haƙurinsu ne ke cika asusun amana.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a daidaita wa'adin shekara 6 da na shekara 10 domin bankuna da jama'a su san wanda ke aiki, kuma kada a rage shi saboda giɓin kasafi. Na biyu, a yi amfani da lambar BVN, wadda aka fara tun 2014, da lambar ɗan ƙasa, wajen gano masu asusu a mayar musu da kuɗinsu kai tsaye, a kuma yi cigiya ta rediyo da harsunan gida, tunda yawancin masu haƙƙi a Arewa ba sa duba shafin banki. Na uku, jihohi su sauƙaƙa hanyar karɓar ƙaramin gado ta kotunan shari'a da na gargajiya, su rage kuɗin da ake biya. Na huɗu, a keɓe kuɗin masu ajiya a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, a juya su a sukuk, wanda gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017.

7.0 Kammalawa

Tarihin dokokin jihohin Amurka ya nuna cewa karɓar dukiyar da aka manta daga hannun banki ko kamfani abu ne mai amfani, domin yana kare ta daga zaizayewa, yana tara ta wuri ɗaya da za a iya nema, yana kuma tilasta wa masu riƙo su tsare littattafansu. Ya kuma nuna cewa da zarar kuɗin ya zama ginshiƙin kasafi, wa'adi na raguwa, sanarwa na yin rauni, sai kotu ta tsoma baki kafin a gyara. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowace irin wannan doka da shi, a Delaware ko a Abuja, shi ne kason da ake mayar wa masu haƙƙi cikin abin da aka karɓa, kuma ya kamata doka ta wajabta wa hukuma wallafa wannan adadi kowace shekara, ta ware kaso sananne na ribar kuɗin domin aikin cigiya, ta kuma bai wa majalisa ikon tuhumar jami'in da ke riƙe da asusun idan adadin ya ƙi ƙaruwa.